Yadda za ka gano kuskuren indis a tablo ka gyara shi

Duk wanda ya zauna ajin algoritmi, a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne ko a wata cibiyar koyon kwamfuta a nan Maraɗi, ya saba ganin malam ya rubuta a allo cewa i zai tashi daga 1 ya kai n. A takarda wannan daidai ne. Matsalar tana ɓullowa ran da ɗalibi ya zauna gaban kwamfuta ya juye algoritmin zuwa C ko Python ko Java, domin su daga 0 suke fara ƙirga guraben tablo, wato jerin gurabe da ake ajiye bayanai a ciki ɗaya bayan ɗaya. Hannu ya riga ya saba da 1, yaren kuma 0 ya sani. Galibin kurakuran indis na masu koyo daga wannan cuɗanyar suke fitowa.

Kafin a shiga matakan gyara, a fahimci abin da indis yake nufi. A lura da yadda muke ƙirga kwanan suna. Yaron da aka haifa ran Litinin, Litinin mai zuwa ake raɗa masa suna, mu ce kwana bakwai, alhali in ranaku za a ƙirga ita ce rana ta takwas. Ranar haihuwar kanta ba a kwana ko ɗaya ba tukuna. To indis irin kwana ne: yana faɗin nisan da aka yi daga farkon tablo. Gurbin farko ba a matsa ko taki ɗaya ba, shi ya sa lambarsa 0. Tablo mai gurbi 8 yana da indis 0 zuwa 7, kuma gurbi mai lamba 8 babu shi. A C lissafin a fili yake: adireshin t[i] shi ne adireshin farkon tablo a ƙara i sau girman gurbi ɗaya. Tablon int guda 8 a kwamfutocin da muke amfani da su bayit 32 ne, kowane gurbi bayit 4, don haka t[8] yana taɓa bayit huɗun da ke bayan iyakar tablon, filin maƙwabci.

Ba kowane yare ne ke farawa daga 0 ba. Scratch da MATLAB da R da Lua daga 1 suke farawa, layukan Excel ma haka, Pascal kuwa kai ne kake zaɓar inda za a fara. Wanda ke yawo tsakanin yaruka biyu ya riƙa tambayar kansa wanne yake ciki kafin ya rubuta bukul, wato zagayen nan mai maimaita umarni.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi: sassa takwas na jihar Maraɗi da farashin tiyar gero a kowanne. Farashin na misali ne kawai.

```
sassa = ["Agye", "Barmo", "Dakwaro", "Gazawa",
         "Gidan Rumji", "Madarumfa", "Mayahi", "Tasawa"]
farashi = [600, 700, 675, 575, 625, 600, 650, 575]

jimla = 0
for i in range(1, len(farashi) + 1):
    jimla = jimla + farashi[i]
print(jimla / len(farashi))
```

Mataki na farko: karanta saƙon har ƙarshe

Masu koyo da yawa da sun ga jan rubutu sai su rufe shi su koma kod suna canje-canje a makance. Saƙon nan kuwa rabin aikin ya yi maka. A Python daga ƙasa ake fara karantawa. Layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, a nan `IndexError: list index out of range`, wato an nemi gurbin da babu. Layukan da ke samansa su ba ka sunan fayil da lambar layin da abin ya faru. Daga Python 3.11, wanda ya fito a 2022, har ƴan alamomi yake sawa ƙarƙashin ainihin wurin da ya karye, abin da ke da amfani sosai in layi ɗaya yana ɗauke da tablo biyu ko uku.

Java ta fi kowa bayani. Sababbin fitowarta suna cewa `ArrayIndexOutOfBoundsException: Index 8 out of bounds for length 8`, ga indis ɗin da ka nema, ga tsawon tablon. In ka ga lambobin biyu iri ɗaya ne, kusan kullum `<=` ka rubuta inda ya kamata ka rubuta `<`. JavaScript ba ta ce maka komai, sai ta miƙo `undefined`, daga baya ka ga `NaN` a lissafi ko saƙon `Cannot read properties of undefined` a wani layi can nesa da inda ɓarnar ta faru. C ko wannan ba ta yi. Za mu zo kanta.

A kula da bambanci ɗaya. In saƙon Python ya ce `list indices must be integers or slices, not str` ko `not float`, ba iyaka ka ƙetare ba, abin da ka sa a matsayin indis ne ba cikakkiyar lamba ba. Ko dai ka karɓi lamba da `input()` ba ka bi ta da `int()` ba, ko ka raba da `/` wajen neman tsakiyar tablo maimakon `//`.

Mataki na biyu: fito da lambobi biyu

Lambobi biyu kawai kake buƙata: indis, da tsawon tablo, a daidai lokacin da abin ya karye. Kada ka yi hasashensu. Sa layi ɗaya saman wanda ya karye:

```
print("i =", i, "tsawo =", len(farashi))
```

A misalinmu za ka ga i ya tashi daga 1, ya bi har 8, a nan ya faɗi. Duba ƙarshen jerin, amma duba farkonsa ma. Farkon ya nuna ba a taɓa gurbi 0 ba, wato farashin Agye bai shiga lissafi ba sam. Kurakurai biyu ke nan a layi ɗaya, ɗaya mai ihu, ɗaya mai shiru.

A nan ne ake yawan yin rabin gyara. Ɗalibi ya cire `+ 1` ɗin, jan rubutu ya ɓace, ya ɗauka ya gama. Firogiram ɗin sai ya ba da 550, alhali jimlar farashin takwas ɗin 5000 ce, matsakaicinsu 625. An tara bakwai an raba da takwas. Amsa marar daidai da ta fito lafiya lau ta fi firogiram da ya karye haɗari, don wanda ya karye ba ya yaudarar kowa. Gyaran gaskiya shi ne `range(len(farashi))`, wanda ke ba da 0 zuwa 7. Ka riƙe cewa `range` ba ya haɗawa da lambar ƙarshe: `range(0, 8)` a 7 yake tsayawa.

In tablon babba ne, kada ka cika fuskar kwamfuta da layi dubu. Sa sharaɗi ya buga sai in i ya kusa iyaka, ko ka rage bayanan zuwa guda uku.

Mataki na uku: bi kod ɗin da biro

Wannan ba ya buƙatar wuta ko intanet, kuma a ganina shi ne ya fi koyar da mutum. Zana akwatuna uku a takarda, rubuta 0, 1, 2 a ƙarƙashinsu. Ja layuka: ɗaya na i, ɗaya na sharaɗin bukul, ɗaya na kowane indis da ke cikin bukul ɗin. Sai ka zama kwamfutar, ka bi layi bayan layi ba tare da tsallake ba. Zagaye biyu ne suka fi muhimmanci, na farko da na ƙarshe. Na tsakiya ba kasafai suke ɓoye komai ba.

Abin da biro ke saurin kamawa shi ne indis mai lissafi a cikinsa. Duba wannan, irin wanda ake rubutawa wajen jera lambobi daga ƙarami zuwa babba:

```
for i in range(len(t)):
    if t[i] > t[i + 1]:
        t[i], t[i + 1] = t[i + 1], t[i]
```

Shi i bai fita iyaka ba, amma a zagayen ƙarshe `i + 1` ya fita. Akwatuna uku maƙwabtaka biyu ce tsakaninsu, takwas kuma bakwai, kamar dai turakun danga da tazarar da ke tsakaninsu. Don haka bukul mai kwatanta gurbi da na gabansa da `range(len(t) - 1)` za a rubuta shi. Mai kwatantawa da na bayansa, `t[i - 1]`, shi kuma daga 1 zai fara.

Wannan na biyun yana da tarko na musamman a Python. Indis mai alamar ragi halal ne a can: `t[-1]` gurbin ƙarshe ne, `t[-2]` na kusa da shi. Saboda haka in i yana 0 ka rubuta `t[i - 1]`, babu saƙon kuskure, sai dai a kwatanta Agye da Tasawa ba ka sani ba. Haka `find` na rubutu, in bai samu abin da ake nema ba -1 yake mayarwa, in ka zura shi cikin indis kai tsaye harafin ƙarshe za ka samu. Ko lissafin watanni: mutum ya shigar da lambar wata daga 1 zuwa 12, tablon kuma 0 zuwa 11. In ba ka rage ɗaya ba, Janairu zai ba ka kwanakin Fabrairu, Disamba ya karya firogiram. In ka rage amma ba ka tace abin da aka shigar ba, wanda ya buga 0 zai samu Disamba. Rage ɗayan nan a wuri guda za a yi shi, nan take bayan an karɓi lambar an tabbatar tana tsakanin 1 da 12. In ka warwatsa `- 1` ko'ina cikin kod, wata rana za ka rage sau biyu.

A bukul na `while` kuma tsarin sharuɗɗa na da tasiri. `while t[i] != x and i < n` yana leƙa gurbin kafin ya tambaya ko akwai shi (n shi ne tsawon tablon). Juya su, `i < n` ya zo farko, domin in na farko ya faɗi ba a duba na biyu. Python da C da Java duk haka suke yi.

Mataki na huɗu: in indis daidai ne, tuhumi tablon

Wani lokaci lissafinka ba shi da laifi, tablon ne bai kai tsawon da kake zato ba. Mafi sauƙi shi ne tablon da babu komai a ciki: `t = []` sannan `t[0] = 5` zai ba da `list assignment index out of range`, don gurbin bai wanzu ba tukuna. Ko ka yi amfani da `append`, ko ka tanadi guraben tun farko da `[0] * 8`.

Wanda ya fi cin lokacin mutane a ƙasarmu shi ne fayil ɗin CSV, wato tebur da aka adana a matsayin rubutu zalla, ana raba ginshiƙansa da wata alama. Excel ɗin da aka saita da Faransanci waƙafi yake amfani da shi a cikin lambobi, kamar 12,5, don haka in zai adana CSV da `;` yake raba ginshiƙai. Ɗalibi ya kwafo misali daga intanet mai `layi.split(",")`, layin gaba ɗaya ya dawo a matsayin gurbi guda, `[1]` ya karye. Buɗe fayil ɗin da Bloc-notes ka ga abin da ke ciki da idonka, ko ka buga `print(repr(layi))`. Shi `repr` yana nuna abin da ido ba ya gani, kamar `\n` da sarari. Da shi ne za ka kama layin banza da ke ƙarshen fayil, wanda ke sa firogiram ya karanta layi ɗari lafiya ya faɗi a na ƙarshe.

Sai tablo biyu masu tafiya tare, irin `sassa` da `farashi`. An ƙara birnin Maraɗi a na farko, an manta farashinsa a na biyu, tara da takwas ke nan. Sa `assert len(sassa) == len(farashi)` a sama, zai tsayar da firogiram in tsawonsu bai zo ɗaya ba. `zip`, mai bin tablo biyu a tare, zai hana karyewa, amma a gajeren yake tsayawa ba tare da ya faɗa maka ba, sai in ka ƙara `strict=True`, wanda ya shigo a Python 3.10.

Sai gogewa ana cikin zagaye. `range(len(t))` sau ɗaya ake lissafa shi, a farko. In ka goge gurbi a tsakiya, tablon ya ragu, bukul kuwa yana nan da tsohon tsawo, ga kuma na bayan wanda aka goge duk sun matso, ana tsallake ɗaya. Gina sabon tablo da abin da kake son bari ya fi sauƙi: `sabo = [x for x in t if x >= 600]`.

Tablo mai layuka da ginshiƙai, `t[i][j]`, nasa kuskuren musanya ne: i na layi, j na ginshiƙi, an juya su. In layuka da ginshiƙai adadinsu ɗaya, ba za ka taɓa ganin saƙo ba. Shi ya sa gwaji da 3 bisa 3 ba shi da amfani, gwada da 2 bisa 5. Adadin layuka `len(t)` ne, na ginshiƙai `len(t[0])`. Sauya sunayen ma yana taimakawa: `t[layi][ginshiki]` ya fi wuyar juyawa a kan i da j.

C, inda babu mai gadi

C ba ta duba iyakar tablo ko kaɗan. Ka rubuta `t[8] = 0` a tablo mai gurbi 8, za a harhaɗa kod ɗin, ya tashi, ya zuba sifirin a duk abin da ke zaune a wurin. Sakamakon ya danganta da maƙwabcin. Ko ba a ga komai ba, ko wata lamba ta canza ba wanda ya taɓa ta, ko bukul ya ƙi ƙarewa don i ɗin kansa aka goge, ko firogiram ya mutu. A Linux za ka ga `Segmentation fault`. A Code::Blocks kan Windows za ka ga `Process returned -1073741819 (0xC0000005)`, a Dev-C++ kuma lambar 3221225477, duk abu ɗaya suke nufi: an taɓa wurin da ba a ba da izini ba. Alamomin da ke nuna wannan cuta ce: kod yana aiki a kwamfutarka ya ƙi a ta abokinka, ko ka ƙara `printf` ɗaya matsalar ta ɓace. Ba ta ɓace ba, maƙwabci ne ya canza.

Kada a raina wannan kuskure don na ƴan koyo ne. Ɓarakar Heartbleed da aka gano a 2014 a OpenSSL, manhajar da ke ɓoye bayanan da ke yawo a intanet, karatu ne da ya wuce iyaka, har kusan kilobayit 64 a kowace tambaya, kuma ta shafi shafukan intanet masu ɗimbin yawa.

In kana da Linux, ko Ubuntu a cikin Windows ta hanyar WSL, harhaɗa kod ɗin haka:

```
gcc -g -Wall -Wextra -fsanitize=address kod.c -o kod
```

Da zarar an taka iyaka zai tsayar da firogiram ya rubuta `stack-buffer-overflow` ko `heap-buffer-overflow`, ya faɗi ko karatu ne ko rubutu, bayit nawa, a wane layi. GCC ɗin MinGW da ke zuwa da Code::Blocks da Dev-C++ ba ya ɗauke da wannan, don haka a can sai ka kafa naka gadin: `#include <assert.h>`, sannan `assert(i >= 0 && i < n);` kafin kowane wurin da kake tuhuma. Ko ka bi a hankali da na'urar bin kod ta Code::Blocks: F5 ya sa wurin tsayawa a layi, F8 ya tashi firogiram, F7 ya matsa layi ɗaya, tagar Watches kuma ta nuna maka i yana canzawa. Sai ka buɗe aikin a matsayin project take aiki, fayil tilo ba ya isa. Masu Python suna da irinta a Thonny, Ctrl+F5 ne farawa, ko su rubuta `breakpoint()` a layin da suke so a tsaya.

Tarkuna uku na C sun cancanci a ambace su da suna. `sizeof(t) / sizeof(t[0])` yana ba da adadin gurabe a inda aka ƙirƙiri tablon kaɗai. In ka miƙa tablon ga fonksiyo, wato gungun umarni mai suna da ake kira, adireshinsa kawai ke shiga, sai lissafin ya ba da 2 ko 1 komai girman tablon. Kullum ka miƙa n tare da shi. Na biyu, ƙirga baya da `size_t` ko `unsigned`, nau'ikan lamba da ba sa sauka ƙasa da 0: sharaɗin `i >= 0` ba ya taɓa zama ƙarya, daga 0 sai i ya koma wata ƙatuwar lamba. Na uku rubutu: kalmar "Tasawa" harafi 6 ce amma gurbi 7 take ci, saboda `'\0'` da ke rufe ta. Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin nauyi a nan. A tsarin UTF-8 haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowanne bayit 2 ne, haka é na Faransanci. `strlen("Maraɗi")` 7 zai ba ka, wurin ajiyarsa 8, alhali `len` na Python 3 zai ce 6. Wanda ya auna tablon suna da yawan haruffa zai ga yana aiki da Ali, ya fashe da Ɗanladi.

Bayan gyara

Gwada da tablo huɗu kafin ka ce an gama: marar komai, mai gurbi ɗaya, mai biyu, da cikakke. In nema kake yi, nemi na farko, na ƙarshe, da wanda babu. Lissafa amsar da hannu tukuna, kamar 625 ɗin can, sannan ka kwatanta. Kada ka lulluɓe wurin da `try` da `except IndexError: pass`. Bakin saƙon kawai ka toshe, ɓarnar tana nan. Yanka ma, wato ɗebo wani ɓangare na tablo irin `t[2:50]`, ba ya kuka in ya wuce iyaka, abin da ya samu yake ba ka, don haka kada ka ɗauki shirunsa a matsayin shaida.

Inda ba ka buƙatar lambar gurbi, rabu da ita gaba ɗaya. `for f in farashi:` ba shi da indis balle ya kuskure. In kana son lamba don nuna wa mai karatu, `for lamba, suna in enumerate(sassa, start=1):` zai buga 1 zuwa 8 ba tare da ka taɓa tablon da ita ba. Java tana da `for (int f : farashi)`, JavaScript tana da `for...of`. A C++ kuma, muddin kana koyo, rubuta `v.at(i)` maimakon `v[i]` a kan vector: na farkon yana duba iyaka ya tsayar da kai da `out_of_range`, na biyun irin na C ne.